Tsofaffin Ɗalibai da Yunwar Likitoci a Arewa: Ina Ya Kamata Kuɗin Ya Sauka?

A watan Fabrairun 2024 wata tsohuwar malama mai suna Ruth Gottesman ta tsaya gaban ɗaliban kwalejin likitanci ta Albert Einstein da ke unguwar Bronx a birnin New York, ta shaida musu cewa biyan kuɗin makaranta ya ƙare a kwalejin. Dala biliyan 1 ta bayar, daga dukiyar da mijinta ya rasu ya bari. Labarin ya karaɗe duniya, aka yi ta nuna ɗalibai suna kuka suna rungumar juna. Abin da bai ja hankali sosai a nan gida ba shi ne mutumin da ke shugabantar rukunin asibitocin Montefiore, wanda kwalejin ke tare da shi. Sunansa Dakta Philip Ozuah, likitan yara, ɗan Najeriya, wanda ya gama karatun likitanci a Jami'ar Ibadan a 1985. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa amincin da ke tsakaninsa da Gottesman na cikin abubuwan da suka share wa kyautar hanya. Tun kafin nan, a 2022, shi kansa Ozuah ya ba tsohuwar makarantarsa dala miliyan 1 don ginin ɗakunan kwanan ɗalibai, aikin da kwalejin ta Ibadan da ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta suka sa a gaba.

Watanni kaɗan bayan kyautar Gottesman, Michael Bloomberg ya ba Jami'ar Johns Hopkins, inda ya yi karatu, wata dala biliyan 1, wadda ta ɗauke wa akasarin ɗaliban likitancin jami'ar nauyin kuɗin makaranta. Babu mai tsammanin ganin irin waɗannan alƙaluma a Zariya ko Sakkwato. Amma labarin Ozuah ya isa ya sa a yi tambaya: makarantun likitanci na Arewa sun yaye dubban mutane cikin sama da shekara hamsin, da yawansu suna aiki a Ingila da Saudiyya da Amurka da Kanada, wasu kuma suna riƙe da manyan muƙamai a cikin gida. Me yake dawowa daga gare su, kuma idan ya dawo, ina ake zuba shi?

Arewa ta shiga wannan fage a makare. Lokacin da Dakta Barau Dikko na Wusasa ya dawo daga Ingila a matsayin likita na farko ɗan Arewa, yankin ba shi da jami'a ko ɗaya. Waɗanda suka biyo bayansa, irin su Ishaya Audu da Umaru Shehu da Jibril Aminu, ta Ibadan suka bi. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitanci, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi ma likitan yara ne. Shekaru masu yawa ɗalibanta suna yawo tsakanin asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi, kafin asibitin koyarwa ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005. Maiduguri da Jos da Sakkwato da Kano suka biyo baya. An buɗe asibitin koyarwa na Maiduguri a 1983, aka kafa na Malam Aminu Kano a 1988. A 'yan shekarun nan an samu ƙari a Gombe da Bauchi da Dutse da Damaturu, da jami'ar jihar Kaduna wadda asibitin koyarwarta ke ɗauke da sunan Barau Dikko, ga kuma jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da aka kafa a Azare.

Duk da haka gibin bai cike ba. A farkon 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi ma a Zariya ya yi karatun likitanci, ya ce likitocin da ke aiki a ƙasar kimanin 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar da suka gabata. Mutum 55,000 ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma ko su ɗin ba a raba su daidai ba. Kaso mai tsoka yana Legas da Abuja. Wanda ya taɓa kai mara lafiya babban asibitin ƙaramar hukuma a Jigawa ko Zamfara ko Yobe ya san ma'anar wannan ba tare da an karanta masa alƙaluma ba: likita ɗaya ne zai duba marasa lafiya da safe, ya shiga tiyata da rana, a tashe shi cikin dare saboda mai naƙudar da jini ya ɓalle mata. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne, kuma nauyin ya fi sauka a kan Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas.

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar ita ce a ƙara yawan masu shiga. An ɗaga guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun likitanci da na jinya da sauran fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, na likitanci kaɗai daga 5,000 zuwa kusan 10,000. A 2025 aka sanar da ware naira biliyan 110 ta hannun asusun TETFund don gyara makarantun likitanci a shiyyoyi shida na ƙasar. Mataki ne da ya dace, kuma duk wanda ya ga yadda yara masu hazaƙa ke cin jarrabawar shiga jami'a da maki mai yawa a hana su gurbi saboda ƙarancin wuri, zai yi maraba da shi. Damuwata tana gaba da ƙofar shiga.

Yadda ake yin likita

Karatun likitanci a Najeriya shekara shida ne idan yajin aiki bai shiga tsakani ba. Kusan rabin farko a aji da ɗakin gwaji ake yin sa: sassan jikin ɗan Adam, yadda gaɓoɓi ke aiki, sinadaran jiki. A wannan mataki ana iya faɗaɗa ɗakin lacca, a ƙara kujeru, a sayo na'urar hasko darasi a bango, malami ɗaya ya yi wa mutum 300 bayani kamar yadda zai yi wa 100. Ko a nan ma akwai iyaka, domin ɗalibai da yawa a kan gawa ɗaya a ɗakin fiɗa na nufin wasu kallo kawai za su yi har su gama.

Rabi na biyu kuwa a bakin gadon majiyyaci yake. Nan ne ɗalibi ke koyon yadda ake tambayar mara lafiya tarihin ciwonsa, yadda ake ɗora hannu a ciki a ji saifa ta kumbura, yadda ake bambance numfashin yaron da ke da ciwon huhu daga na mai asma, yadda ake gane cewa naƙuda ta tsaya kuma lokacin tiyata ya yi. Wannan ilimi hannu da hannu ake ba da shi, daga ƙwararren likita zuwa ƙaramin rukuni na ɗalibai. Idan mutum talatin suka kewaye gado ɗaya a lokacin zagayen safe, na gaba ne kaɗai za su ji abin da malam ya ce, majiyyacin kuma ya takura. Saboda haka ne hukumar MDCN, mai kula da aikin likitanci, take ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka bisa yawan malamanta da gadajen asibitinta da kayan aikinta. Tsarin kamar mazurari yake: an buɗa bakinsa ya yi faɗi, amma maƙogwaron yana nan yadda yake.

Maƙogwaron nan malamai ne. Masu koyarwa a bakin gado su ne ƙwararrun likitoci, da manyan likitoci masu neman ƙwarewa da ke ƙarƙashinsu. Su ne kuma waɗanda asibitocin Saudiyya da Ingila suka fi nema, domin an riga an gama ɗawainiyar horar da su. Tafiyar sabon likita asara ce ta mutum ɗaya. Tafiyar likitan ƙwaƙwalwa ko na sa barci a tiyata ko na cutar daji daga asibitin koyarwa tana iya durƙusar da sashe guda, ta sa a janye masa izinin horar da wasu, ta bar ɗalibai ba mai nuna musu. Shekaru ke nan ƙungiyar ƙwararrun likitoci ta MDCAN tana kokawa cewa likitan da ya karɓi aikin koyarwa a jami'a yana ƙarewa da albashi da fansho ƙasa da na takwaransa da ke aikin asibiti kaɗai, kuma batun na cikin abin da ya kai ta ga yajin aikin gargaɗi a Nuwamban 2024. Matashin da ya gama samun ƙwarewa yana ganin wannan lissafi da idonsa kafin ya yanke shawarar inda zai nufa.

Bayan digiri ma akwai wata ƙofar. Sabon likita ba ya samun cikakken lasisi sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, yana zagayawa sashen cututtukan manya da na tiyata da na yara da na mata da haihuwa. Guraben wannan shekara ƙididdigaggu ne, domin albashi ake biya kuma sai asibitin da aka amince da shi. Tun kafin a ninka yawan ɗalibai, akwai masu zaman watanni a gida suna jiran gurbi. Daga nan sai hidimar ƙasa, sannan mai son ƙwarewa ya shiga horon da ke cin shekara biyar zuwa shida, da jarrabawar kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. An yi dokar tallafa wa wannan horo, wadda aka sa wa hannu a 2018, amma jinkirin biyan kuɗin ya zama ɗaya daga cikin dalilan da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta NARD ke kawowa kusan duk lokacin da ta shiga yajin aiki, ciki har da na 2021 wanda ya ɗauki kimanin wata biyu.

Ko Amurka mai kyautar biliyoyi ta san wannan matsala. Tun 1997 doka ta daskarar da adadin guraben horon ƙwarewa da gwamnatin tarayya ke biya, aka yi ta buɗe sababbin makarantu alhali guraben ba sa ƙaruwa daidai da su, sai a ƙarshen 2020 majalisa ta amince da ƙarin guda 1,000. Yafe kuɗin makaranta yana sauƙaƙa wa ɗalibi, amma ba ya ƙara ko gurbi ɗaya a asibiti.

Gwamnatocin jihohin Arewa sun daɗe da ɗaukar wata hanya ta daban, wato tura yara waje. Kano da Jigawa da Katsina da Yobe da wasunsu sun tura ɗalibai Sudan da Masar da Indiya da Cyprus, kuma an ba mata muhimmanci, abin da ya dace da yankin da mata da yawa suka fi sakin jiki da likita mace. An samu likitoci ta wannan hanya, babu musu. Sai dai da dala ake biya, kuma duk lokacin da naira ta faɗi ko gwamnati ta sauya sai a ji ɗalibai sun maƙale ba a biya musu ba. Yaƙin da ya ɓarke a Khartoum a ranar 15 ga Afrilun 2023 ya katse karatun ɗimbin 'yan Arewa, aka kwaso su ta iyakar Masar da ta tashar Port Sudan. Wanda ya gama lafiya ma sai ya ci jarrabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje, wadda a wasu zama rabin masu rubutawa ko fiye ke faɗuwa. Kuma duk kuɗin da aka kai waje, makarantar wata ƙasa ya gina.

An kuma gwada tunanin ɗaure ƙafa. A Afrilun 2023 wani ƙudiri na ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson daga Legas, wanda ya nemi a hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a ƙasar, ya tsallake karatu na biyu, ya kuma gamu da fushin likitoci. Ban ga hikimar ƙudirin ba, domin likitan da aka tsare da ƙarfi yana ƙirga kwanaki ne kawai. Amma hujjar da ke ƙarƙashinsa tana da nauyi. Talakan ƙasar nan ne ya ɗauki mafi yawan nauyin karatun likitan da ya fito daga jami'ar gwamnati. Pate ya ƙiyasta kuɗin horar da likita ɗaya a kan sama da dala 21,000. Kuma a jikin talaka aka koya: tsohuwar da ta bari ɗalibai goma suka taɓa cikinta a Tudun Wadar Zariya, da uwar da ta riƙe ɗanta ana ta neman jijiya a hannunsa. Wannan bashi ne, ko da babu takardar da ta rubuta shi.

Abin da tsofaffin ɗalibai za su iya

A gaskiya ba a zaune suke ba. Kusan kowane aji yana da zaurensa na WhatsApp, ana haɗuwa bikin cika shekara ashirin ko ashirin da biyar da gamawa, a yi karo-karo a gyara ɗakin lacca, a sayi janareta ko na'urar hasken rana, a haƙa rijiyar burtsatse a ɗakunan kwana, a taimaka wa iyalan abokan da suka rasu. Ƙungiyoyin likitocin Najeriya a waje, irin su ANPA a Amurka da MANSAG a Birtaniya, suna zuwa aikin jinya kyauta na 'yan kwanaki. Attajirai ma sun taɓuka: gidauniyar Dangote ta gina ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, shirin ASR Africa na Abdul Samad Rabiu ya ba jami'ar naira biliyan 1 a 2021. Duk alheri ne, Allah ya saka. Amma idan aka duba, kusan dukkansu abubuwa ne da ake iya yanke musu ƙyalle a liƙa allo mai suna. Gini kuwa shi ne abin da TETFund ta fi iyawa. Abin da babu mai ɗaukar nauyinsa shi ne mutumin da zai tsaya cikin ginin ya koyar.

A ganina nan ne kuɗin tsofaffin ɗalibai zai fi yin aiki, domin su ne suka fi kowa sanin wane malami ne ya mai da su likitoci. Sun san cewa ƙarin alawus na wata-wata ga matashin malami a sashen da ke gab da rufewa yana iya zama abin da zai tsayar da shi. Sun san nauyin kuɗin jarrabawar ƙwarewa da na tafiya kwas a kan likitan da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba. Sun san amfanin tura mutum wata shida ya koyo wata tiyata a Masar ko Indiya da sharaɗin ya dawo ya koya wa wasu. Za su iya biyan albashin ƙarin guraben sanin makamar aiki a manyan asibitocin jihohi, su taimaka wa asibitocin su cika sharuɗɗan MDCN, ta yadda sabon likita daga Sakkwato zai yi shekararsa a Gusau ko Birnin Kebbi maimakon ya nufi Abuja, inda daga can sai filin jirgi.

A ɗauki misali kawai don lissafi. Idan mutum 50 daga aji ɗaya da ke aiki a waje suka ɗauki alkawarin dala 100 kowane wata, a shekara an tara dala 60,000, kusan kuɗin horar da likita uku ke nan a ƙiyasin minista. Aji ɗaya ke nan, a makaranta ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne ɗorewa, domin ba a yi wa malami alkawarin alawus na shekara guda sannan a ce zauren ya yi sanyi.

Hanyar ɗorewar kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Waƙafi ne ya riƙe asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira wajen 1284 har tsawon ƙarnoni, ana jinya ana koyarwa a cikinsa, kuma shi ya riƙe Azhar. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi. Mutanenmu sun saba da waƙafin masallaci da rijiya da maƙabarta, kuma malamai za su yi babban aiki idan suka riƙa bayyana cewa rukunin shaguna ko gidajen haya da aka tsayar don biyan malamin tiyatar yara shi ma sadaka ce mai gudana. Uwar kuɗin tana nan, ribar ce ake ci.

Akwai masu cewa wannan aikin gwamnati ne, kuma shigar tsofaffin ɗalibai zai ƙara mata lalaci. Maganarsu tana da tushe. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma kasafin tarayyar Najeriya ya daɗe yana yawo a wajajen kashi 5. Babu karo-karon da zai cike wannan rami, kuma tsofaffin ɗalibai, waɗanda cikinsu akwai ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa, su ne suka fi cancanta su matsa lamba a kai. Amma ƙungiyar da ta sa kuɗinta a tebur tana da bakin magana da gwamna fiye da wadda ta zo da takardar koke kaɗai. Tana iya cewa: mun ɗauki guraben horo goma, ku ɗauki ashirin.

Babban cikas shi ne amana. Mutane da yawa a waje suna son bayarwa, amma sun taɓa aiko da na'ura ta ruɓe a cikin kwali saboda babu mai haɗa ta, ko sun aiko da kuɗi ba su sake jin labarinsa ba. Maganin wannan sananne ne: asusun ya kasance a hannun amintattu masu rajista, dabam da asusun jami'a, a riƙa binciken kuɗin kowace shekara, a bayyana wa kowa sunan sashen da aka tallafa da adadin waɗanda suka amfana. Ibadan ta kai ga jawo kyautar dala miliyan 1 ne bayan ta tsara ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta a gida da waje, ta kuma sa musu aiki ƙwaya ɗaya bayyananne a gaba.

Wajibi ne kuma a duba wa ake tallafawa. Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya kan riƙe ma'aikatan lafiya a karkara sun nuna cewa ɗalibin da ya taso a ƙauye ya fi yiwuwar komawa aiki a ƙauye. Yarinyar da ta fito daga makarantar kimiyya ta gwamnati a Taura ko Garko, wadda mahaifinta manomi ne, ita ce ta fi kusa da zama likitar da za ta zauna a Gumel ko Rano. Ita ce kuma ƙarin kuɗin rajista da jami'o'i suka yi tun 2023 ya fi girgiza. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wani abu, amma littattafai da kayan aiki da abinci da kuɗin mota zuwa asibiti na shekara shida suna nan suna jiranta.

Lokaci ma ba ya gefenmu. Ɗaliban da aka ɗauka a ƙarƙashin sababbin guraben za su isa ɗakunan majiyyata wajen 2027 ko 2028, su fito neman gurbin sanin makamar aiki wajen 2030. Likitan da ya fara horon ƙwarewa a bana ba zai gama ba sai bayan shekara biyar ko shida. Ke nan waɗanda za su koyar da wannan ayari su ne malaman da ke Shika da Kano da Maiduguri da Sakkwato a yau, kuma da yawansu takardunsu na neman aiki a waje sun riga sun yi nisa.